Kwalaben Dunja sun dawo da saura

Malama Gordana, ki taimaki tsoho da shawara. Abin da ke cina ba zan iya faɗar sa a majalisar tsofaffi ba, dariya za su yi mini.

Bari in fara da daɗin. Jikata Dunja ta samu jami'a a Novi Sad, tana karatun haɗa magunguna. Ba a taɓa yi ba a gidanmu. Ni kaina sai da furfura ta fito mini na zauna a aji, makarantar yamma ta ma'aikatan katako, ina tashi daga aiki in wuce da garin katako a gashina. Ranar da sunanta ya fito gida-gida na bi ina faɗa, har maƙwabcina Milisav ya ce wanda bai sani ba sai ya zaci ni jami'ar ta ɗauka. Na ce ai ni ɗin ne, makara kawai na yi.

A hannuna ta tashi. Uwarta tana aikin jinya a Jamus, kakarta Stanojka kuma ta rasu yarinyar tana firamare. Daga nan na koyi girki, na ƙona tukwane har na iya.

To a ɗakin cin abincin ɗalibai, kowane wata ɗalibi kan zaɓi abin da za a sa masa a kati: karin kumallo, na rana, na dare, ko duka. Na ce ta ɗauki kumallo kawai, sauran nawa ne. Wa zai bar jikarsa ga miyar wake mai ruwa tsululu alhali yana da hannu? Ranar Alhamis nakan wuni a murhu: kabeji naɗe da nama, gasasshen wake, pita, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai cuku a ciki, da ajvar, wato miyar barkonon da na gasa da kaina. Juma'a da sassafe in zuba a kwalabe in sa a jaka, in kai tasha in ba Ljubiša direban bas, ita kuma ta tare shi a can. Lahadi kwalabe su dawo. Kin san ba a mayar da mazubi wayam, sai ta jefa alewa a ciki, wani lokaci ganyen bishiyar ƙofar makarantarsu. Duk suna nan a kan taga, alewar ma ban sha ba.

Lahadin da ta wuce kwalabe suka dawo, biyu ko buɗe su ba a yi ba. Na kira ta. Da farko tsokana ta yi, wai tsoho ya ɗauka bataliyar soja ya tura karatu. Sai kuma ta fito da gaskiyar. Ta ce da rana ta yi, Tijana da suke ɗaki ɗaya da sauran 'yan ajinsu kan gangara ɗakin cin abinci, su bi layi suna zagin miyar suna dariya. Ita kuwa sai ta hau bene, ta jawo jakar da ta rataye a bayan taga don sanyi ya riƙe ta, ta ɗumama, ta ci a bakin gado. Ta ce, "Kaka, naka ya fi nasu daɗi nesa ba kusa ba. Amma ni kaɗai nake ci." Tana son ta ɗauki duka ukun daga wata mai zuwa, ranar Litinin ake zaɓa, kuma ta ce ba za ta yi ba sai na yarda.

Na ce zan yi tunani. Abin da ban gaya mata ba shi ne ni ma ni kaɗai nake ci. In ba don ita ba ko murhu ba na kunnawa, burodi da albasa a tsaye sun ishe ni. In jakar nan ta daina tafiya, me zan yi da Alhamis? Me zan jira ranar Lahadi? Milisav ya ce in sakar mata mara, tsuntsun da ya yi fiffike ba a ɗaure shi da kabeji. Shi da sauƙi, gidansa cike yake da jikoki. Son kai nake yi, ko haƙƙina ne in ciyar da yarinyar da na raina?

Tsoho mai kwalabe, Užice

*

Baba, barka da arziki. Ka yi tutiya son ranka, ka cancanta, kada Milisav ya hana ka.

Ba son kai kake yi ba. Kewa ce, kuma ta yi shigar girki don kada a gane ta. Gaskiyarka ne, abincinka ya fi nasu, ni ma na sha miyar waken nan a zamanina, ba zan kare ta ba. Amma ɗalibin shekarar farko ba don miya yake zuwa can ba. A layin nan ake sanin wanda zai ara maka littafi, da wanda zai neme ka ranar da ba a gan ka a aji ba. Wannan rabon ana yin sa ne a watannin farko, wanda ya makara kan tarar tebura sun cika. Kai da ka zauna a aji da furfura ka san ciwon makara.

Ka lura da abu ɗaya. Katin nata ne, ba ta bukatar izininka, amma ta nema. Yarinyar da za ta yar da kai ba ta yin haka. Saboda haka kada ka jira Litinin. Ka kira ta yau, ka ce ta ɗauki na rana da na dare, kumallo kuma yadda ta ga dama. Ka faɗa da sakin fuska, kada ta gangara cin abinci da nauyinka a wuyanta. In ka iya, ka gaya mata kai ma kana kewa. Ba za ta karye ba.

Jaka kuwa ba za ta tsaya ba, kayan cikinta ne za su canja. Ka rage ta zuwa mako biyu-biyu, ka bar abincin mutum ɗaya, ka aika abin da ake sa wa a tsakiyar ɗaki: pita babba, ajvar, burodi. Yarinyar da ta buɗe kwalbar gida a ɗakin kwanan ɗalibai ba ta rasa baƙi.

Saura kai. Ka ci gaba da kunna murhu ranar Alhamis, ka ajiye faranti biyu. Milisav mai bakin nan ya zo ya biya kuɗin tsokanarsa da yanka albasa. Ljubiša ma ya daɗe yana jin ƙamshin jakarka daga bayan kujera, ya ci a ce ya ɗanɗana.

Ka riƙa duba kwalaben in sun dawo. Ranar da ka gan su a suɗe tas, ka san ba cikin Dunja kaɗai suka shiga ba. Allah ya ba ta sa'ar karatu, kai kuma ya ja kwananka ka zauna a sahun gaba ranar da za ta karɓi shaidarta.

Gordana