Yarinyar Ƙwarya Tana Roƙon a Daina Nuna Ta

Zuwa ga Mai girma Shugaban Sashen Labarai na gidan talabijin, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Rakiya, ɗiyar Malam Idi masunci, ɗalibar ajin ƙarshe a kwalejin Madarumfa, wadda ya kamata ta zauna jarrabawar birebe, ta kammala kwaleji, a ƙarshen shekarar nan. Ba ka san sunana ba, amma ka san ni sarai. Ni ce yarinyar nan da kuke nunawa a durƙushe, kai a sunkuye, tana miƙa ƙwarya, tabki a bayanta. A garinmu yanzu Inna kaɗai ke kirana Rakiya. Sauran mutane Ƴar Tele suke ce mini.

An koya mana rubuta wasiƙar hukuma da Faransanci, na kuma iya. Na rubuta wannan da Hausa ne don in an karanta wa Baba ya ji da kunnensa abin da na ce. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana sau biyu. Ka gafarce ni in na tsawaita, bakin ya daɗe a rufe.

Na farko, yadda aka ɗauki hoton.

Ina aji biyu, bayan girbin gero, aka ce wani minista zai zo garinmu. Al'adarmu ce baƙo ba ya zama sai an ba shi ruwa, sai malamarmu Madam Zara ta zaɓe ni in miƙa. Ta ce ni ce ba ni da rawar kai, ba zan ba makaranta kunya ba. Inna ta ciro ƙwaryarta mai zane daga cikin jere, wadda ko mu ba ma taɓawa. Muka tsaya a rana tun hantsi har la'asar. Da ministan ya iso na durƙusa, ya taɓa ƙwaryar da yatsa, ya miƙa wa na bayansa, ya yi alkawarin tabkinmu ba zai ƙara ja da baya ba, ya shiga mota.

Mutanenka ba sa nan a lokacin. Sun biya garin Ɗan Issa na bakin iyaka shan mai, don can ya fi araha. Ban ga laifinsu ba, kowa can yake sha. Sun iso ana naɗe tabarmi. Mai ɗaukar hoton ya ce mini, "Ƙanwata, sake durƙusawa, ki yi kamar yana nan." Ruwan kuwa makaɗi ya riga ya shanye. Haka na durƙusa da ƙwarya wayam a gaban turken jakin mai sayar da ruwa. Jakin ma ba ya nan. Ya ce in ɗago kai in yi murmushi, kunya ta hana ni. Ya ce, "Bar shi haka, ya ma fi kama da al'ada."

Ranar da aka fara nunawa gari ya yi murna, ba zan ɓoye ba. Talabijin ɗaya gare mu, ta jama'a, mai aiki da batir, ana kunna ta bayan magariba a gindin itacen bedi. Mata suka yi guɗa. Baba bai je ba, amma da aka ba shi labari ya ce madalla. Da a nan kuka tsaya, da wasiƙar godiya ce wannan.

Na biyu, siyasar ƙasa.

Da zaɓe ya zo, jam'iyyar ministan ta sami lokacinta a gidanku, sai ga ni a durƙushe, ana cewa matasan Madarumfa sun miƙa wuya. Bayan wasu watanni ƙawance ya watse, waɗanda ke waje suka shiga, na ciki suka fita. Sai ga ni kuma, ni ce talakawan karkara masu maraba da canji. Da sojoji suka karɓa, tun ba a gama sanin sunayensu ba na riga na durƙusa musu a madadin al'umma baki ɗaya. Ranka ya daɗe, har yau ban kai shekarun jefa ƙuri'a ba, amma babu wanda ya hau kujera a ƙasar nan ban goya masa baya ba. A darasin tarbiyyar ɗan ƙasa an koya mana cewa kowa yana da ƴancin ra'ayinsa. Na yarda, na ma ci maki mai kyau a kai. Sai dai nawa ra'ayin a Yamai ake ajiye shi, ni ma sai a labaran yamma nake jin inda ya koma.

Na gane dalili. Tun da ba a ga fuskar wanda nake miƙa wa ruwa ba, kowa yana iya tsayawa a wurin jakin.

Baba bai taɓa shiga jam'iyya ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Ni jam'iyyata tabki. Ruwa ya zo in kama kifi, ya ja in dasa albasa." Amma lambunsa da injin ƙungiyar masu lambu ake ba shi ruwa, shugabancin ƙungiyar kuwa yana juyawa duk lokacin da Yamai ta juya. Da ya je neman layinsa, shugaban wancan lokacin ya ce masa, "Idi, waɗanda ɗiyarka ta shayar, su zo su shayar da albasarka." Da aka sake shugaba Baba ya yi hamdala, ya koma. Sabon ya faɗa masa magana iri ɗaya, don shi wancan hoton na farko ya riƙe. Shekarar nan da guga muka yi ban ruwa, rabin albasar ta ƙone a tsaye.

Na uku, labaran duniya.

Bara manyan ƙasashe suka yi taro a Turai kan yunwa a yankinmu. Da alama ba ku sami hoton taron ba, sai kuka sa ni. Wannan karon an tsayar da hoton daidai inda ake ganin cikin ƙwaryar, ba ko ɗigo. Shekarar kuwa Allah ya ba mu damina, rumbun Baba cike har wuya.

Labari ya kai Safo, garin da kakata take, kafin gari ya waye. Kakata, mahaifiyar Baba, ta taso a amalanken jaki da dammunan gero, tana kuka tun daga bakin gari. Ta sauka a ƙofar gida a gaban maƙwabta ta ce, "Idi, har ta kai ɗiyarka na bara gaban Nasara, ba ka aiko mini ba? Ni na mutu ne?" Baba ya kama hannunta ya kai ta rumbu ya buɗe. Ta leƙa, ta dube shi, ta ce, "To, tele ƙarya take yi?" Danginmu na Jibiya, waɗanda ke kama tasharku daga ƙetaren iyaka, suka aiko da garin rogo da saƙon jaje. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan manomi ne ko jikansa, ka san abin da ake ji in an ce mutum ya kasa ciyar da gidansa alhali ya iya.

An ce a taron an yi alkawarin taimako mai yawa. In an ba da wani abu saboda ƙwaryata, bai iso Madarumfa ba tukuna. Ƙila shi ma ya biya ta Ɗan Issa.

Na huɗu, wanda ya karya mini karatu.

A shirinku na kaɗe-kaɗe kun fara sa waƙar wani mai jita. Duk inda ya zo maganar masoyiyarsa, sai a ɗauke fuskarsa a sa ni. Ban san mutumin nan ba, ban taɓa ganinsa ba, gemunsa ya fi na Baba furfura. Waƙar kuwa ta karɓu. A makaranta in na wuce, ƴan maza sai su zube ƙasa suna miƙa mini littattafansu da hannu biyu. Wannan na iya jurewa, sunkuyar da kai ba baƙon abu ba ne a gare ni. Amma a bakin tabki, Baba yana fitar da kwale-kwale, wani abokin wasansa ya ɗaga murya ya ce, "Idi, surukinka fa ya iya kiɗa! Yaushe za mu sha biki?" Masunta suka kwashe da dariya.

Baba ya dawo bai taɓa tuwo ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Rakiya, na san ba ki yi komai ba. Amma makarantar nan taku ta lakwal ce ta kai ki gaban na'urar nan. An ce ke ta waɗannan ce, na yi shiru. An ce ke ta waɗancan ce, na yi shiru. An ce yunwa nake ba ki, na haɗiye. Ban haifi ɗiya don a riƙa juya ta kamar masa a tanda ba. Gobe ki bi ni lambu."

Daga ranar a lambu nake. Ina ban ruwa da safe, da azahar in zauna ƙarƙashin mangwaro in kwafe darussan da ƙawata ta aro mini.

Madam Zara ta zo gida, ta durƙusa wa Baba har ƙasa, ta ce ita ta zaɓe ni, a hukunta ta. Baba ya ce, "Madam, tashi. Ba ni da faɗa da karatu. In wata ya tsaya har ya mutu ba a ga ɗiyata cikin akwatin nan ba, ta koma. In an gan ta, a bar maganar." Kowace yamma Inna takan aiki maƙwabciya ta je gindin bedi ta gano mana. Muna ta hamdala, wata ya yi nisa, har na wanke kayan makaranta na shanya. Saura ƙiris ya mutu, sai ga ni a tele ina koya wa ƴan ƙasa tace ruwa saboda kurkunu.

Malam Ɗan Ladi mai kula da talabijin ɗinmu ya ce zai riƙa zare wayar batir duk lokacin da ya hango tabki. Baba ya gode masa, ya ce ba ya son a rufe masa ido a Madarumfa alhali Jibiya tana kallo. Madam ta sake dawowa, ta zo da limamin unguwa. Baba ya ƙara wata ɗaya, ya ce shi ne na ƙarshe, kuma Baba ba ya magana biyu. Watan ya tsaya shekaranjiya. Shugaban makaranta ya ce in ban koma ba da mutuwar watan, ba zai iya tura sunana jarrabawa ba. Ka ga ke nan karatuna ba ya hannun Baba, ba ya hannun malamai, yana cikin wani kaset a ofishinka.

Ban ce kun yi ƙarya ba, ba a koya mini faɗa wa manya haka ba. Na san ƙasar tana da faɗi, mai ya yi tsada tun da kuɗinmu ya faɗi, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi. Malamanmu ma sun sha yajin aiki, har shekara guda ta tafi a banza. Na san zuwa a ɗauko hoton gaskiya yana cin kuɗi, ni kuwa ina nan kusa a kan kantar ofishinku. Ina jin ni kaɗai ce ma'aikaciyarku da ba ta taɓa yajin aiki ba. Yau ina neman izinin ajiye aiki.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A ɗauki wani abu a bisa hoton nan har ya shafe, ko ƙwallo, ko kokawa, ko jawabi. Na ga kullum manyan mutane suna kukan ba a nuna su, a raba musu lokacina, na yafe.

In kuna buƙatar hoton Madarumfa, ku zo, za mu ba ku ruwa na gaske. Ga tabki, ga kifi, ga tsuntsaye iri-iri masu sauka da sanyi. Su ba su da uba a ƙungiyar masu lambu, ba su da jarrabawa.

Inna kuma ta ce lalle in tuna maka, mai ɗaukar hoton ya tafi da ƙwaryar a kan zai nuna wa matarsa zanen ya dawo da ita. Ta ce ba ta yi fushi ba, tana ganinta a tele lokaci-lokaci, da alama ana kula da ita. Amma gurbinta yana nan a jere.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya tsare ka daga sauyin kujeru. Allah ya biya ma'aikatanka albashinsu, ya cika tankin motarku, ya sa ku riƙa isa wurin labari kafin a naɗe tabarmi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba ƴaƴanka sa'ar jarrabawa, ya sa kada a taɓa ɗaukar hotonsu suna sunkuye.

Abu na ƙarshe. Madam Zara ta ce in jarida ta buga wasiƙar nan, mai yiwuwa ta zama labari, har ku karanta ta da yamma. In haka ta faru, don girman Allah a karanta ta ba hoto. Na san wanda za ku sa, kuma wata bai mutu ba.

Wassalam.

Ɗiyarka mai biyayya,
Rakiya Idi,
daga lambun bakin tabki, Madarumfa.