Matar za ta zo ƙarfe huɗu

Wendell,

Na dawo na tarar kana barci, ban tashe ka ba, ga shi na makara aiki.

Na kai kyanwarmu Toffee asibitin dabbobi da safe saboda tarin nan. Tarin ba wani abu ba ne. Maganinta na kan firij, ƙwaya ɗaya a cikin abinci. Amma sabuwar likitar ta ɗora mata na'ura a wuya, ta ce akwai ɗan ƙarfen shaida a ƙarƙashin fatarta, irin wanda ake sa wa kyanwa don gudun ɓata. Shekara uku tana gidanmu, ba mu taɓa sa an duba ba.

Na ce mata a bayan gareji muka tsince ta, cikin dusar ƙanƙara. Ta ce, "Na yarda, amma dole in kira lambar wayar da aka yi wa ƙarfen rajista da ita."

Wata dattijuwa ce ta ɗauka, Misis Halvorsen. Da aka ba ni wayar ta ce, "'Yata, har yau ban ɗauke kwanonta daga kicin ba."

Za ta zo ƙarfe huɗu. Kada ka kai kyanwar gidan ƙanenka ka ce ta fita, na san halinka. Ka shigo da matar, ka ba ta kofi. Ni sai shida.

Wai sunanta na da Juniper. Na gwada kiran ta da shi a mota, sau ɗaya. Ta juyo.

Noreen