Tsayuwa a Kwanar Challawa

Lahadi, 3 ga Agusta

Aina'u ce ta kawo saƙon, kamar kullum. Wai yayanta zai shiga gudun dogon zango da ƙungiyar ma'aikatan kamfanoni ta shirya, daga Bompai a ratsa Sharada a ƙare a Challawa, da zagaye-zagayen da za su cika musu lissafi. Yana so in tsaya masa a kwanar shiga Challawa da dabino. Na ce mata Bagirken da ya fara wannan gudu faɗuwa ya yi ya mutu da isarsa, shi kuma aƙalla saƙon yaƙi ya ɗauko. Ta ce, "Baba, in ce masa e ko a'a?" Na ce ta miƙo min buta.

Laraba, 6 ga Agusta

Abin da ban faɗa wa Aina'u ba: wannan tsayuwar ta Yaya Dalhatu ce. Yaron ɗana ne na fari, tun yaye aka kai shi gidan Yaya a Challawa, can ya girma, can ya shiga kamfanin fata. Yaya ne ke bin sa a babur duk gudun da zai yi, har Allah ya karɓi abinsa bara. Ni kuwa ban taɓa kiran sunan yaron ba. Na karanta isassun littattafai da zan iya yi wa kunyar ɗan fari dariya a majalisa, kuma ina yi. In ya shigo gidan nan sai in ce "kai", in tambaye shi aiki, in kama rediyo.

Talata, 12 ga Agusta

Matata Sauda ta sayo dabino ta ajiye a kan littattafaina. Ita ma ba ta faɗin sunan, "yayanku" take cewa. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce, "Na mai rabo." Mu biyu dai, Allah ya haɗa mu.

Juma'a, 22 ga Agusta

Hadari tun la'asar. Na ce ai za su ɗage. Har na ji daɗi, Allah ya yafe min.

Asabar, 23 ga Agusta

Ba su ɗage ba. Ina rubutu ƙafafuna cikin ruwan ɗumi.

Na fita daga Dorayi ana yayyafi, da nufin in leƙa kawai. Kafin in isa kwanar sama ta buɗe. Kwatocin wajen sun cika sun hau titi, ruwan nan mai launi da warin jima ya kai idon sawu. Lemata iska ta juya ta, na tsaya riƙe da ƙarafa kamar mai tallar su. Wani mai shayi, Idrisu, ya ba ni gefen rumfarsa. Ya ce, "Malam, wa kake jira?" Na ce wani yaro ne.

Na gaba suka wuce, 'yan sirara, ba sa kallon kowa. Na tsakiya suka wuce. Mutane na kiran nasu da suna, wata mata har da guɗa. Can sai ga shi, yana jan ƙafar hagu, kansa a ƙasa, ruwa na dukan sa. Na ɗaga ledar dabino. Bai gani ba. Na ce, "Kai!" Mutum huɗu suka waiwayo, ban da shi. Idrisu ya ce, "Ka kira sunansa mana."

Sai na cire silifas na bi shi. Ni, da tumbina da jamfa. Rabona da gudu tun wata gobara a siton wajen aikinmu a Sharada.

A kan wani kwalbati na cim masa, don ya riga ya zauna. Leɓunansa sun yi fari, jikinsa na rawa. Ya dube ni kamar bai gane ni ba, sannan ya yi ƙoƙarin durƙusawa, a cikin wannan ruwan. Ya ce, "Baba, ku koma, mura za ta kama ku." Na ba shi dabino, duk ya jiƙe. Ya ce jijiyar cinyarsa ta ɗaure, ba zai iya ba, motar kwasar waɗanda suka gaza tana baya. Titi yake ta kallo, wajen da da babur ɗin Yaya zai tsaya.

Na ce, "Baffanka me yake yi maka a irin nan?" Ya ce, "Tsiya yake min."

To, wannan dai fannina ne. Na durƙusa na kama cinyar ina murzawa yadda ya nuna min, ina gaya masa cewa wani tsoho da farin gemu ya wuce shi yana amsa waya. Na ce in motar nan ta ɗauke shi, Aina'u za ta ba da labarin har a bikin jikokinta. Ya yi dariya, ko kuka, a ruwan nan ba a rarrabewa. Rabon da in taɓa jikinsa, ina jin tun yana cikin zani.

Ya tashi. Na samu a-daidaita-sahu muka bi shi a hankali, direban na mitar ruwa zai shiga inji, ni kuma kaina a waje ina ci gaba da tsiya. Da ya isa har sun fara kwance rumfa. Wani ya zaro lambar yabo daga kwali ya rataya masa ba tare da ya dubi fuskarsa ba. Ni na duba.

Silifas ɗina ruwa ya tafi da su.

Lahadi, 24 ga Agusta

Mura. Sauda ta kawo citta ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na ce, "Ya ƙarasa." Ta ce, "Ni na tambaye ka?" Ta fita da sauri.

Alhamis, 28 ga Agusta

Da na tashi daga aiki hanya ta biyo da ni Challawa. Na san daga Sharada zuwa Dorayi ba ta nan ake bi ba. Man zafi ne dai na saya, ya yi min yawa. Maigadin kamfaninsu ya ce ma'aikata sun fi ɗari, wanne nake nema? Na ce Muhyiddeen Labaran. Ya ce, "Wa za a ce masa?" Na ce babansa.

Ƙafar ta yi sauƙi. Akwai wani gudun bayan damina, in ji Muhyiddeen. Ban yi alkawari ba. Na dai tambayi wace kwana.