Gurbi na Goma Sha Shida

Litinin, 5 ga Disamba, 2005

Alhaji Iliyasu, shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani, ya shigo ofis da sabuwar buƙata. Kullum da tasa. Masu shirin tallafi na Kano suna so a ware musu matan da ke noma gonakinsu da kansu, za a ba su iri. Ya ce, "Muhsina, ki ƙara musu alama a na'urar taki." Kamar gishiri ya ce in ƙara a miya.

Bari in rubuta yadda na tsara abin, don wata rana ni kaina zan manta. Kowane manomi lamba ɗaya gare shi a kwamfuta, duk bayaninsa yana cikinta. Tumatir 1, albasa 2, alkama 4, shinkafa 8, haka ake ta ninkawa. Mai tumatir da alkama lambarsa 5 ke nan, kuma ba wani haɗi da zai ba da 5 sai wannan. Wanda bai yi noma bana ba, sifili. Gurbi goma sha biyar na cike zuwa yanzu, har da na mai injin ban ruwa da na mai gonar aro. Na mata shi ne na sha shida, 32768.

Wannan karon ban yi mita ba. Aikin ya yi mini daɗi, ai ƴan uwana ne.

Laraba, 7 ga Disamba

Na'ura ta ƙi. Da na sa 32768 sai ta turo mini "Overflow", wato mudu ya cika ya tumbatsa. Akwatin lambar ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32767. Akwai babban akwati, amma masu shirin sun ja mana kunne tun farko kada mu taɓa girman wannan, da shi na'urarsu take karanta faifan da muke aikawa.

Na tono takardun difilomata. Ashe akwai wata hanyar rubuta lambar, &H8000. Na gwada, ta karɓa shiru, ko tari ba ta yi ba. Na bi mata ashirin da uku na sa musu. Wallahi har tsayawa na yi ina yi wa kaina murmushi, ni kaɗai a ofis. Ina ma malaman nan da suke cewa mace ba ta iya lissafin na'ura su gani.

Alhamis, 8 ga Disamba

Ranar fitar da takardar rabon ruwa ta mako. Baba Hambali ya zo karɓa da kekensa, makullan ƙofofin ruwa suna ƙara a aljihunsa. Shekararsa goma sha tara yana buɗewa da rufewa. Tun rigimar bara kwamiti ya kafa doka: ba suna a takarda, ba ruwa. Shi kuwa Baba, da doka da shi kamar ƙaya da riga.

Ya jujjuya takardar a hannu, ya ce, "Ƴata, kamar takardar nan ta rame."

Ina sauri in samu motar Kura kafin ta cika. Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta mantuwa."

Ya ce to, ya ninke ta, ya tafi.

Talata, 13 ga Disamba

Yau ofis ya ga ta kansa. Iya Kulu ta zo da mata sun fi goma, ƙafafu duk taɓo, suna magana a lokaci ɗaya. Gonakinsu suna can ƙarshe, a ƙaramar magudanar da aka ware wa mata, ƙofa ɗaya ce take shayar da su. Kwana shida ba ɗigon ruwa, ga sabon dashen tumatir. Sun yi ta bin Baba, yana ce musu ba sa cikin takarda, wataƙila an ɗaga nasu zuwa mako mai zuwa, su yi haƙuri.

Alhaji ya sa aka kira shi. Ina takardar? Ya zaro ta, ashe ta faɗa ruwa ranar Lahadi, tawadar duk ta narke, ba a gane ko harafi ɗaya. Wani daga bakin ƙofa ya ce ai an san inda ruwan mata ya tafi, gonakin manya na sama sun sha har sun yi gyatsa. Alhaji ya tura a buɗe ƙofar nan take, ya karɓe makullan daga hannun Baba sai kwamiti ya zauna ranar Litinin.

Baba ya juya zai fita. Hularsa kawai ya gyara. Da zai hau keke sai da ƙafarsa ta kuskure feda sau biyu.

Abin kunya, ni ma na ce a raina, oho, ashe shi ma haka yake.

Laraba, 14 ga Disamba

Innalillahi.

Na buɗe sunan Iya Kulu don kawai in gani. Tumatir da alkama take da su, ya kamata in ga 5 da ƙarin alamar mata. Abin da na gani: -32763. Ƙasa da sifili. Na duba ta biyu, na duba ta uku. Duka ashirin da ukun.

Sai karatun ya dawo mini, a makare. Akwatin gurbi goma sha shida ne, gaskiya, amma na ƙarshen ba na haya ba ne. Shi na'ura take dubawa ta san lamba tana sama da sifili ko tana ƙasa. Ni kuma da hannuna na rubuta cewa a buga sunan wanda lambarsa ta wuce sifili kawai. Alamar da na sa don a taimake su ita ta share su daga takarda. Garin neman gira.

Nan take na cire alamar daga sunayensu duka. Lambobin suka dawo daidai. Na kashe na'ura, na zauna ina kallon bango har aka kira la'asar.

Alhamis, 15 ga Disamba

Alhaji ya shigo da mutum biyu na kwamiti. "Sake bugo mana takardar makon jiya mu gani."

Na san abin da zai fito. Na sani sarai. Na danna.

Ya bi da yatsa har ƙasa. Kulu, Talatu, Nafisat, duk ga su reras. Ya girgiza kai ya ce, "Ga su kuwa. Allah Sarki Hambali, da girmanka."

Ban faɗa musu jiya na gyara ba. Shekara biyu na yi a gida da difiloma kafin in samu kujerar nan. Mutum nawa suka ce wa Alhaji ya ɗauki namiji? Abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan, har suka fita da takardar.

Juma'a, 16 ga Disamba

Ban ci abinci ba. Inna ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Asabar, 17 ga Disamba

Na ce zan je Bunkure gaida gwaggo, sai na tsinci kaina na sauka a hanyar gonakin mata. Iya Kulu tana tsugune tana cire dashen da ya mutu, tana tarawa a gefe. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Sauran sun ɗago kai, amma duk sun yi ja.

Ta ce tumatir ba komai, za ta nemo wani dashen a Kadawa ko da ya makara. "Hambali ne ya tsaya mini a rai, ƴar nan. Shi ya yi wa maigidana wanka da ya rasu. Shi ya sa shi a kabari. In shi zai ci ruwana, wa ya rage?"

Ta ce jiya a masallacin Juma'a ba wanda ya matsa masa a sahu, ɗanta ne ya faɗa mata. Ta faɗa ba da murna ba.

Har ta ba ni albasa biyu in kai wa Inna. Na karɓa. Ni fa!

Lahadi, 18 ga Disamba

Na je gidan Baba Hambali da hantsi. Inna Adama, matarsa, ta shimfiɗa mini tabarma, fuskarta ba yabo ba fallasa. Shi yana zaune a inuwar darbejiya yana gyaran tayar keken da ba inda zai je da shi.

Na tsara maganata tun a hanya, da na durƙusa duk ta watse. Na ce, "Baba, takardar ta rame. Ni na ramar da ita." Sai kuka. Na faɗa masa har da ta ranar Alhamis, wadda ta fi muni.

Ya ajiye tayar. Inna Adama ce ta ce, "Kin san kwana nawa bai runtsa ba?" Ya ɗaga mata hannu.

Ya ce in yi masa bayani, yana so ya gane abin da ya ci shi. Na yi iya yina: gurbi goma sha biyar, na sha shida haramun ne, ni kuma na cusa. Sai ya buɗe tafin hannunsa yana bin gaɓoɓin yatsu da babban yatsa, yadda ake tasbihi in ba carbi. Ya ce, "Ai hannu ma sha biyar yake ɗauka. In ya cika sai a koma ɗayan. Wa ya taɓa karya yatsa don ya samu gaɓa?"

Nan na gane: lamba ta biyu zan ƙara wa kowa. An koya mana wannan tun a makaranta, ni ce na raina shi, na ga kamar ƙauyanci ne, gwani da lamba ɗaya yake gama komai.

Na ce gobe zan faɗa wa kwamiti. Ya ce, "Za su iya sallamarki fa." Na ce na sani. Bai ce kada in yi ba, bai kuma ce in yi ba. Ya koma kan tayarsa.

Litinin, 19 ga Disamba

Ba wuta, sai da aka tayar da janareta. Mutum tara na kwamiti, Iya Kulu da mata uku, Baba a kan benci can baya.

Na san in na tsaya bayanin lamba, kafin in kai 8 an fara hamma. Sai na ce su matso. Na buga takarda, ga sunan Iya. Na ce, "Ku duba hannuna." Na mayar mata da alamar mata a gabansu, na sake bugawa. Babu ita. Na cire, ta dawo. Na sa, ta ɓace. Sau uku.

Na ce takardar da Baba ya karɓa irin ta biyun ce. Wadda na ba Alhaji ranar Alhamis kuma bayan na gyara ne, na yi shiru ina sane.

Iya Kulu ta ce, "Wato don ni mace ce abin nan ya haɗiye ni?" Na ce, "A'a Iya, don na so in yi miki gwaninta ne." Wani ya yi dariya, ba ta yi nisa ba.

Alhaji ya yi mini wankin babban bargo, na cancanta. Ya ce kuskure na kowa ne, shirun ne ba zai manta ba. Ya ce zan zauna zuwa ƙarshen rani su ga kamun ludayina. Sannan ya tashi da kansa, ya taka har bencin baya, ya miƙa wa Baba makullan da hannu biyu. Iya Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ji tana cewa, "Malam Hambali, ka yafe mini."

Laraba, 21 ga Disamba

Na gama. Kowa yanzu lamba biyu gare shi. Alama ta ɗaya zuwa ta sha biyar suna ta farko, daga ta sha shida zuwa ta talatin suna ta biyu, ita ma daga 1 take farawa. Alamar mata ita ce 1 a lamba ta biyu. Gurbin ƙarshe na kowacce na bar shi fayau, na rubuta gargaɗi a kai da manyan baƙaƙe saboda wanda zai gaje ni. Ta farkon ban taɓa girmanta ba, ta biyun kuma a faifai daban zan aika. Na buga wa masu shirin waya, sun ce ba damuwa. Aikin awa uku ne kacal. Awa uku.

A tasha na ji wani mai lodin kwanduna yana cewa ai rufa wa tsohon asiri aka yi, aka ɗora wa kwamfuta. Na juya na yi masa bayani har motata ta tafi ta bar ni. Bai yarda ba. Magana zarar bunu.

Alhamis, 22 ga Disamba

Baba ya zo karɓar takarda. Ya rame, ko idona ne. Ya gaishe ni kamar kullum, ya miƙo hannu.

Na ce ya ɗan zauna, tawadar ba ta bushe ba. Ta bushe tun ɗazu. Na ce tun da muna jira, bari in karanta masa, don kawai lokaci ya wuce. Na fara daga ƙofa ta ɗaya. Yana lumshe ido, kowane suna sai ya ce "na'am", wani ya ƙara da cewa wannan ya koma albasa, wancan ƙaninsa ne yake noma masa bana. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya, ba wanda bai san gonarsa ba. Ni ban san fuskar ko talatin ba.

Motar Kura ta yi ta hon a bakin titi, ta gaji ta wuce.

Da na kai suna na ƙarshe sai na dakata, biro a hannuna, ban sa hannu a takardar ba tukuna. Can ya buɗe ido ya ga ashe shi nake jira.

Ya ce, "Sun cika, ƴata."

Sannan na sa hannu.