Kada Ka Zo, Ja'afaru

Ƙofar Guga, Katsina
9 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga jikana kuma abokina Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya Kaduna, yaya gajiyar gasa, yaya abokan gudunka? Allah ya huce gajiya.

Ja'afaru, na ji sunanka a rediyo. Ina zaune a zaure bayan la'asar sai mai labarin wasanni ya ce Ja'afaru Murtala ne ya zo na ɗaya a tseren mita dubu da ɗari biyar. Na miƙe ban san na miƙe ba, sandata tana can ƙasa. Na shiga gida ina kiran kakarka Hindu, wato matarka da kake cewa za ka ƙwace mini. Ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Kwana uku muna karɓar barka. Har sabon kansilanmu ya zo. Ka san tun da soja suka koma bariki a watan Mayu, 'yan siyasa ba sa wuce taro. Ya ce tun kana yaro ya san za ka yi suna. Ban gaya masa cewa bai san ko kamanninka ba.

Da mahaifinka yana raye, da shi zai rubuta maka wannan. Amma na gode Allah da ya sa na zauna a ajin yamma na manya ina da furfura, har yau nake rubuta wa jikana da hannuna.

Usman direba ya ce ya gan ka kana ɗingishi bayan tseren, kuma an rufe gasa sai shekara mai zuwa. To, ka taho gida. Na yi magana da Babaji wanzami, zai yi maka ƙaho a cinyar. Wata goma sha ɗaya ban sa ka a ido ba. Kullum na ji mota ta tsaya a bakin titi sai na ɗaga kai.

Hindu tana gaishe da mijinta. Ka gaishe da kocinku.

Kakanka,
Malam Almu

Ƙofar Guga, Katsina
30 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Ja'afaru,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar, da sauƙi dai?

Takardarka ta iso, na karanta sau uku, ban ji daɗinta ba ko sau ɗaya. Ka ce ba za ka zo ba sai bayan mako goma, domin ƙungiyarku ta haɗa ka da wani likitan gashin ƙashi, Malam Isah, mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ba tare da allura ko wuƙa ba. Ka ce ya auna ka ya ga tsokar bayan cinyarka ta hagu ta ɗan yage, kuma ƙugunka na wannan gefen ba shi da ƙarfi kamar na dama, shi ya sa ciwon ke dawowa duk shekara. Ka ce lokacin gasa babu damar gyara, sai dai a lallaɓa a ci gaba da gudu, kuma yanzu da aka rufe fili ne kaɗai lokacin tausa da miƙa jijiya da ɗora ƙarfi a hankali.

Na ji duk wannan. Amma wane irin hutu ne mutum yana jan roba da ƙafa safe da yamma? Ni shekara ashirin na yi ina kora shanu a ƙafa daga nan har Ilori, ban taɓa ganin likitan gashin ƙashi ba. In mun gaji mu kwanta, shi ke nan.

Takardar da Malam Isah ya rubuto domin ciwon gwiwata kuma, ka gode masa, amma ka jawo mini aiki. Matarka ta sa na karanta mata, ta haddace. Yanzu kullum bayan asuba da bayan la'asar sai ta dafa ruwa, ta gasa mini gwiwar da tawul, ta zaunar da ni a bakin gado in miƙe ƙafa in riƙe tana ƙirga goma. Ƙirgarta kuwa ba ta sauri. Ta ce umarnin mijinta ne, ni tsoho ba ni da ta cewa.

Ban so in faɗa maka ba, amma jikina ya ƙi kwanan nan. Ba na cin abinci sosai, ƙarfi kuma yana raguwa. Ga azumi yana matsowa, ban san ko zan kai shi ba. Wanda yake son ganina, gara ya zo yanzu.

Kakanka,
Malam Almu

Ƙofar Guga, Katsina
29 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga jikana Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ta kuma same ka a Kaduna. Ban ba gidan waya ba, na damƙa wa Usman direba hannu da hannu, na ce ya kai maka kafin ya sauke fasinja na ƙarshe.

Jiya amsarka ta zo. Ka ce ka yi ta jinkiri kana kuka, amma yanzu ka yanke shawara za ka taho ranar Juma'a ka zauna ka yi jinyata, ko da yake Malam Isah ya ce saura mako huɗu, kuma in ka katse yanzu tsokar na iya sake yagewa a tseren farko.

Kada ka zo. Ja'afaru, ƙarya na yi maka. Lafiyata lau. Ranar da na rubuta cewa ba na cin abinci, malmala biyu na ci. Kewarka ce kawai ta yi mini yawa, na rasa abin da zan jawo ka da shi. Da na karanta wa Hindu amsarka ta tambaye ni wace jinya, dole na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce kunya ce a ce yaro ya fi kakansa gaskiya. Tun jiya a bakin ƙofa take ajiye mini tuwo. Na roƙi Allah gafara, yanzu kai nake roƙo.

Bari in gaya maka abin da ya faru da gwiwar nan. Ka san shekara tara ke nan ina salla da ƙafa a miƙe, a ƙarshen sahu, kada in tokare wani. Mako uku da fara aikin likitanka na ji tana lanƙwasuwa kaɗan. Sai na ce ai ta warke, na daina kwana biyar lokacin da Hindu ta tafi suna Ƙofar Marusa. Ta dawo ta tarar gwiwar ta sandare kamar da. Muka sake daga farko. Juma'ar da ta wuce, Ja'afaru, na yi sujada da gwiwa biyu a ƙasa, a tsakiyar sahu. Na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya taɓa ni ya ji ko lafiya.

A nan na tuna abin da ban faɗa maka ba. Wannan gwiwa a hanyar Jaba, kafin mu kai Ilori, na gurɗe ta, ina ɗan shekara talatin. Na ɗingisa har muka kai shanu. Da damina ta sauka muka dawo gida, na kwanta wata uku ina cewa hutu nake. Zafin ya lafa, amma ba abin da ya gyaru. Da kaka na koma hanya, ta sake tashi, haka duk shekara har ta ajiye ni. Kwana biyar kaɗai na tsallake na ga abin da ya biyo baya, ni kuwa ina neman ka tsallake mako huɗu domin in ga fuskarka.

Ka zauna ka gama. Ka ja robarka, ka bi ƙirgar likita ko da irin ta Hindu ce. In takardar nan ta same ka a tasha da jaka a kafaɗa, ka juya.

Amma ba zan iya jiran mako huɗu ba, wannan kam gaskiya ce. Rabona da doguwar tafiya a mota tun da ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Yau na je tasha na shiga gaban motar Usman, na zauna na ja ƙofa, ta rufu. Asabar mai zuwa, kafin a ga watan azumi, ni zan zo. Ka gaya wa Malam Isah akwai tsohon da zai zauna a gefe yana kallo, ba zai ce uffan ba. Matarka ta ce ba ta yarda in je wurinka ni kaɗai ba, don haka ka nemi tabarma biyu.

Kakanka mai neman afuwarka,
Malam Almu