Wuƙar Ummaru Mai Agashe

Talata, bayan isha'i

Sati uku da isowata yankin Jazira a nan ƙasar waje, yau na samu aiki. Wuri uku na shiga neman aiki a garin Hasahisa, ko'ina tambayar ɗaya ce: "Ina shahada?" Takardar sakandaren da ba ni da ita. Har na yarda in bi Kawu, wanda na sauka wurinsa, tsinkar auduga.

Yunwa ta kai ni wurin wani tsoho Ummaru mai gasa agashe, tsiren nan ƙasar. Bakina ya suɓuce, na ce yankan namansa ya yi kauri. Da ya ji harshena, ya harare ni, ya miƙo wuƙa. "To gwada, ɗan Sakkwato."

Na yanka siriri yadda Baba ya koya mini. Ummaru ya ɗaga, ya duba. "Gobe da asuba ka zo, ɗana."

Larabcina har yanzu abin dariya ne, amma alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Baba. A da kullum da ƙunƙuni nake bin sa mahauta.