Maganin Mutum Biyu

Wangsa Maju, Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Abbansu. Ya ƙafar Umma?

Yaya, ciwon nan ya sake dawowa, ruwan nan mai ƙarni kamar na kifi. In sha magani ya ɗauke, ina gama al'ada ya dawo. Saƙonki na bagaruwa da farin miski da turaren tsuguno ya iso, na gode. Amma da na lissafa wa likitar da nake gani a Setapak su, sai da ta dafe kai. Wai wanke ciki da cusa turare su ke kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin, miyagun su samu sake. Ruwa zalla ta yarda da shi, daga waje, sai kamfai na auduga saboda gumin garin nan. Kada ki ji haushi, na ajiye kayan naki a saman kwaba.

Ba ciwon ke hana ni sukuni ba, Muttaka ne. Kunya ta sa nake gudun shimfiɗarsa, yau ciwon kai, gobe gajiya. Kin san mijin nawa, ba ya tambaya, sai dai ya ƙara daɗewa a makaranta. Aurena nake jiye wa tsoro.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Kausar.

*

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa, ina fatan zazzaɓin ɗanki Rayyan ya sauka.

Na koma asibiti. Likita ta ce tunda yana ta dawowa, a haɗa da maigida: ni ƙwaya, shi ƙwaya da man shafawa, mu sha tare, mu ƙaurace wa juna har mu gama. Ta jaddada cewa ba shaidar cin amana ba ne, ƙwayoyin kan yi ta zagaye ne tsakanin mata da miji.

Na cire kunya na faɗa masa komai muna cin abinci. Ajiye cokali ya yi, ya tambaye ni ko nufina daga waje ya kwaso mini. Na rantse, na yi bayani har muryata ta dushe, bai ji ba. Yanzu ya daina cin girkina, a mamak, gidan abincin 'yan garin nan, yake yo tapau, wato ƙunshin abinci, ya ci a gabana, shi da ke cewa abincinsu sukari ne zalla! Gida ciki ɗaya da falo, mutum biyu ba sa magana, har ƙarar jirgin ƙasan LRT nake jin daɗinta.

Don Allah Yaya, ke kaɗai na faɗa wa. Ko Umma kada ta ji.

Taki, Kausar.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Kin faɗa wa Umma don a sa manya a ciki. Umma ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta ɗauki mayafi sai gidan surukata. Kafin maganar ta dawo nan ta zama wai ɗayanmu ya ɗauko cutar banza, kuma kin san wanda dangin miji za su nuna. Hajiyarsa ta kira shi ranar Juma'a, ina jin faɗanta daga kicin. Ya sa takalmi ya fita ko kallona bai yi ba. Wallahi na fara tunanin akwatin da zai ɗauke kayana.

Da la'asar ya dawo da ledar asibiti. Ashe wajen likitata ya je, ya zauna a layi cikin mata, ya ji bayanin da kunnensa. A gabana ya kira Hajiya, ya ce mata ciwon nasu ne su biyu, shi ma magani yake sha, duk mai zagin matarsa ya fara da shi. Ya haɗiye ƙwayar, ya miƙo mini sauran ruwan. Kuka na yi, Yaya, har da shessheƙa.

Abu ɗaya ya roƙa, abin da ya faru a ɗakinmu ya tsaya a ɗakinmu. Na yi masa alƙawari. Ina sonki kamar kullum, amma kada ki tambaye ni ko na warke, ba zan amsa ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, Kausar.